Daga Mandera zuwa ɗakin bincike: doguwar hanyar mai nazarin garkuwar jiki

Idan watan Maris ya kama a Mandera, sanyin hunturu ya riga ya yi sallama, amma ƙurarsa ba ta gama sauka ba. Tun da hantsi rana take buɗewa, kafin azahar zafi ya haura digiri 40, leɓe ya tsattsage, hanci ya bushe har yara su riƙa haɓo. Dattawan wannan yanki na Shagari da Bodinga a jihar Sakkwato ba sai likita ya faɗa musu an shiga lokacin sanƙarau ba. Sun sani tun kaka da kakanni, kamar yadda suka san cewa da zarar ruwan farko ya taɓa ƙasa cutar za ta ja da baya, sai kuma baɗi.

A irin wannan lokaci ake ganin ma'aikatan lafiya bisa babur, akwatin sanyi rataye a kafaɗa, suna bin ƙauyuka. Cikin akwatin akwai ƙanƙara da 'yan kwalaben allurar rigakafi, kowace da ɗan tambari a jikinta mai sauya launi idan zafi ya yi mata yawa. Ana so a riƙe allurar tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta. Idan ta sanƙarau ce, daga birnin Pune na Indiya ta taso, ta sauka a babban rumbun sanyi na ƙasa, ta zo Sakkwato, ta kwana a firjin ƙaramar hukuma mai aiki da hasken rana, sannan ta iso dantsen yaro a Mandera.

Wannan tafiya an san ta, kowane zango da mai kula da shi. Akwai kuma wata tafiyar da ba a cika magana a kanta ba, mai bin hanyar a juye: ta yaro ko yarinyar da za su tashi daga irin wannan ƙauye su shiga sahun masu ƙirƙiro abin da ke cikin kwalbar, ko masu auna ko ya yi aiki a jikin yaran yankin. Ita ta fi tsawo, ita kuma ta fi ramuka.

Ba yau aka fara yi wa jiki gargaɗi da ɗan abin da ake tsoro ba. Fulani makiyaya a Afirka ta Yamma sun daɗe suna yankar ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe, su tsaga fatar hancin lafiyayya su cusa, don ta yi ɗan ciwo ta warke, annoba kuma ta tsallake ta. Haka aka riƙa yi wa mutane da ruwan ƙurjin agana tun kafin zuwan Turawa, har wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus ya koya wa ubangidansa dabarar a birnin Boston na Amurka, aka yi aiki da ita a annobar 1721. Yankin nan ma ba baƙon ilimi ba ne. A Sifawa ta ƙasar Bodinga Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma da wani Bature, Clapperton, ya zo wurinsa a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a aiko masa da likita. Alhaji Shehu Shagari kuwa, kafin siyasa ta ɗauke shi, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato.

Abin da makiyayi ya gane da ido shi ne mai nazarin garkuwar jiki ke bi da awo. Jiki na da runduna ta fararen ƙwayoyin jini iri-iri. Wasu haɗiye baƙon abu suke yi. Wasu na ƙera sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta su tona mata asiri. Wasu kuma ba su da aiki sai riƙe kamannin abokin gaba shekara da shekaru, don ranar da ya dawo kada a tsaya tambayar ko wane ne. Allurar rigakafi atisaye ce ga wannan runduna. Tambayoyin mai bincike a nan suke: wace ƙungiya ce ta amsa kira, da wane ƙarfi, har tsawon wane lokaci, kuma me ya sa allura ɗaya ke kama wannan yaro sosai, ta kama wancan sama-sama.

Da yawa daga amsoshin farko a kan sanƙarau a ƙasar Hausa aka samo su. A 1970 wani matashin likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara 10. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Hilton Whittle, suka bi sawun cutar shekara bayan shekara, suka nuna yadda take tashi idan iska ta bushe, ta kwanta idan damina ta faɗi. Sun kuma gano cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro jikinsa ba ya amsa wasu allurai yadda ya kamata, har da ta sanƙarau, kuma kyanda takan bar garkuwar yaro a raunane bayan ƙurajen sun baje. A wannan zamani ne wani matashi ɗan Gombe, Idris Mohammed, ya fara aikinsa a jami'ar. Ya gwada yi wa jama'a allurar sanƙarau da yawa a jihar Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya shugabanci asibitin koyarwa na Maiduguri, kuma shi aka ɗora wa jagorancin kwamitin tarayya a annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Allurar wancan lokaci tana da nakasu, kuma nakasun darasi ne na farko ga duk mai shiga wannan fage. Ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga ta sukari, tsohuwar allurar kuma wannan sukarin kaɗai ta ƙunsa. Jikin yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ba ya ɗaukar sukari zalla da muhimmanci. A jikin manya ma kariyar kan dushe bayan 'yan shekaru, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita ba tare da sun sani ba. Don haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa da ita, kamar mai neman guga bayan wuta ta kama. Mafita ita ce a ɗaure sukarin da wani furotin da jiki ba ya iya kau da kai daga gare shi. Da wannan dabara aka yi MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya ƙera a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. An fara ta a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta shigo arewacin Najeriya daga 2011. A Chadi, inda aka auna da kyau, cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. Nau'in A na ƙwayar, wanda ya daɗe yana yi wa Sahel kisan kiyashi, kusan ya ɓace.

Sai kuma a 2013, a nan jihar Sakkwato, aka fara ganin masu sanƙarau waɗanda ba nau'in A ne ya kama su ba. Shekara mai bi ya bayyana a Kebbi. Nau'in C ne, kuma wani sabon reshensa da ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. A wani ɗakin bincike na birnin Oslo a Norway aka tantance shi, aka ba shi lamba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wata ƙwaya ce da ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane ta samo rigar sukarin daga 'yar uwarta, ta zama makashiya. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar. Daga Disamba 2016, inda ya faro a Zurmi ta Zamfara, zuwa tsakiyar 2017, an ƙirga mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a Najeriya, 1,166 suka rasu. Bodinga na cikin ƙananan hukumomin Sakkwato da abin ya taɓa.

Akwai wani adadi a rahoton wannan annoba da ya kamata duk ɗalibin kimiyya a Sakkwato ya riƙe: waɗanda aka gwada samfurinsu a ɗakin gwaje-gwaje ba su kai 1 cikin 10 ba. Kafin a saki allura daga rumbun ko-ta-kwana na duniya sai an tabbatar da nau'in ƙwayar. Kafin a tabbatar sai wani ya iya ɗibar ruwan ƙashin baya ba tare da ya cuci mara lafiya ba, ya zuba a kwalbar da ta dace, a kai ta inda za a gwada kafin zafi ya kashe ƙwayar. Duk kwanan da aka ɓata a wannan sarƙa, gidaje ne ke zaman makoki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara aiki da sabuwar allura mai tare nau'i 5 a lokaci ɗaya, wato A da C da W da Y da X. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma wanda ya ga yadda C ya fito daga inda ba a zata ba ya san cewa dole a samu masu leƙa maƙogwaron mutanen yankin nan kowace rani, kuma zai fi kyau su kasance a kusa.

To, yaya ɗan Mandera zai zama ɗaya daga cikinsu?

Ramin farko tun a sakandare yake. A makarantun karkara da yawa ɗalibi kan haddace sassan madubin ƙara girma daga zanen allo, bai taɓa sa ido a kan na gaske ba sai ana gab da jarrabawa. Idan ya tsallake WAEC ko NECO da sakamako mai kyau a ilimin halittu da na sinadarai da lissafi, ya kuma ci JAMB, babbar ƙofa ta kusa ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Babu wani digirin farko guda da ya zama tilas. Wani ta likitanci yake shiga, shekara 6. Wani ta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara 5, inda jami'ar ke da sashe na musamman kan garkuwar jiki. Wani ta likitancin dabbobi, wani ta nazarin ƙananan halittu ko sinadaran jiki. Waɗannan shekaru a takarda suke. Wanda ya yi karatu a 2020 ya rasa wata 9 a yajin aikin malamai, yajin 2022 kuma ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan nan ga shekarar horo ga masu aikin asibiti, ga ta bautar ƙasa. Kafin mutum ya riƙe bututun awo da sunan bincikensa na kansa, sa'o'insa na ƙauye sun aurar da ƙanne, wasu 'ya'yansu sun shiga firamare, kuma a gida an fara tambaya cikin ladabi ko wannan karatu yana da ranar ƙarewa.

A digiri na biyu ake gane ko mutum zai iya. Aikin ba shi da ƙyalli. Awa da awanni ne na ɗiga ruwan jini, ɗigon da ido ke gani da ƙyar, cikin faranti mai ramuka 96, a wanke, a jira, a sake wankewa, a jira launi ya fito, na'ura ta karanta. Kuskuren rami ɗaya kan ɓata aikin mako. Sinadaran gwajin kusan duka daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 kuɗin kwali ɗaya kan wuce albashin ƙaramin malami na wata. Sau da yawa daga aljihun ɗalibi kuɗin ke fita, ko daga na wani yaya da ya sayar da rago. Ga kuma wuta. Samfurin jini da aka sha wahalar tarawa daga ƙauyuka ana ajiye shi ne a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a garin da rana ke narka kwalta. Idan wuta ta ɗauke daren Juma'a, dizal ya ƙare a janareto, kafin Litinin aikin shekara 2 ya zama ruwa. Shi ya sa ƙaramin mai bincike a Sakkwato yakan san lambar mai gyaran janareto kamar yadda ya san ta malaminsa.

Wannan ƙarancin yana da wata illa da ba ta fito fili ba. Yana tura matasa ga tambayoyi masu araha: a ɗebi jinin mutum 200, a ƙirga nawa ne ke ɗauke da alamar wata cuta, a rubuta, a buga. Irin wannan ƙirga na da amfaninta, kuma ba laifin ɗalibi ba ne. Sai dai ba ta kai ga me ya sa, kuma tsarin ƙarin girma a jami'a, mai ƙirga yawan maƙalu, ba ya saka wa wanda ya zauna shekara 4 a kan tambaya ɗaya mai wuya.

Digirin digirgir ya kan fitar da da yawa waje. Malaman jami'o'in arewa sun yi ta zuwa Malesiya da Ingila da Jamus da tallafin asusun TETFund ko na ƙasashen da suka karɓe su, kodayake daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙetare saboda tsadar canji da kuma waɗanda ba su dawo ba. Akwai ƙofofi a cikin nahiyar ma: cibiyar WACCBIP a Jami'ar Ghana, cibiyar ACEGID da ke Ede ta jihar Osun, wadda ta fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020, da cibiyar binciken lafiya ta Gambiya wadda Greenwood ya koma ya shugabanta bayan ya bar Zariya. Ga makwabta kuma, cibiyar CERMES a Yamai ta daɗe tana gwada samfuran sanƙarau na Nijar.

Mataki mafi hatsari shi ne na bayan dawowa. A can ƙetare matashi ya saba ya buƙaci sinadari da safe ya same shi da yamma. Ya dawo gida da kwali, sai ya tarar da aji mai ɗalibai ɗaruruwa, da takardun jarrabawa, da kwamitoci, babu benci nasa, babu kuɗin farawa. A ƙasashen da bincike ya kafu akwai shekaru 3 zuwa 5 bayan digirin da ake biyan mutum don ya yi bincike kawai a ƙarƙashin wani babba, ya koyi neman tallafi da riƙe ɗakin gwaji. A jami'o'in Najeriya wannan matakala kusan babu ita. A nan ne ake asarar mutane. Wasu su sake ficewa, wasu su zauna amma hannunsu ya yi sanyi, bayan shekara 10 su zama manyan malamai masu koyar da abin da suka daina yi.

Duk da haka an ga abin da ke yiwuwa a Sakkwato. Jami'ar Ɗanfodiyo ta kafa cibiyar binciken lafiya mai zurfi da ake kira CAMRET, kuma lokacin korona TETFund ta haɗa ta da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da Jami'ar Jos, da cibiyar binciken lafiya ta Legas, da ta sinadarai ta Zariya, don su gwada ƙera allura a gida. Cikin waɗanda suka tsaya gaba a aikin akwai Dokta Muhammad Bashir Bello, likitan dabbobi wanda ya yi digirin digirgir a Malesiya a kan allurar cutar Newcastle, annobar da ke share kajin gida a ƙauyuka lokacin hunturu. Daga kaji zuwa mutum ba nisa ba ne a wannan ilimi, domin dabarar sarrafa ƙwayar bairas ɗaya ce. Annobar ta lafa kafin allurar ta kai hannun jama'a, amma kayan aikin da aka girka da matasan da suka koyi riƙe su suna nan. Ga ƙasar da ɗakin ƙera alluranta na Yaba, wanda ya yi ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare tun daga 1940, ya tsaya a 1991, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Vom kuwa, wadda aka kafa a 1924, har yau tana ƙera alluran dabbobi, kuma tana cikin waɗanda suka yaƙi cutar bushiya har aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011.

Misalin da ya fi dacewa da ɗan Mandera yana Burkina Faso. Halidou Tinto ya karanta haɗa magunguna a Mali, ya yi digirin digirgir a Antwerp ta Beljiyam, ya gama a 2006, ya komo gida. Bai tsaya a babban birni ba. A Nanoro, wani garin karkara, ya kafa sashen gwajin magunguna a jikin wani asibiti. Shekaru ya yi yana gina abin da ba ya fitowa a hoto: rajistar gidaje, sanin kowace haihuwa da kowace rasuwa, ma'aikatan da iyaye suka sani da suna. Lokacin da Jami'ar Oxford ta tashi gwada allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, Nanoro ta nufa. Yara 450 suka shiga gwajin, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna kariya har kashi 77 cikin 100, karo na farko da wata allurar zazzaɓin ta kai wannan mizani. Abin da Tinto ya mallaka wanda Oxford ba ta da shi shi ne yardar iyaye.

A arewacin Najeriya wannan yarda ta taɓa karyewa, kuma ba a banza ba. A tsakiyar annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kuma Farfesa Idris Mohammed na cikin waɗanda suka ɗaga murya tun a lokacin. Sai a 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. An sha aiki kafin a gyara, kuma sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar sun ɗauki kaso mai nauyi, har aka shelanta a 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali. Amma binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato suka samu zagaye na uku na allurar nan mai haɗe da cututtuka 5, mafi ƙanƙanta a duk Najeriya.

Duk wanda ya bi masu rigakafi gida-gida ya san maganar da ake tarbarsu da ita a bakin zaure: "Malama, kullum ku dai shan inna. Zazzaɓin da ke kwashe mana yara fa?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Mai binciken da zai nemi uwa ta bari a ɗebi jinin jaririnta sau 3 a shekara zai fuskanci wadda ta fi ta: ina za a kai jinin, wa zai gani, me za a yi da ragowar? Dokar ɗa'ar bincike ta ƙasa ta wajabta neman izini bayan cikakken bayani, amma takardar izini da aka fassara daga Turanci a ofis ba ta maye gurbin mutumin da zai cire takalmi ya gaida mai gari, ya zauna da liman, ya ce wa maigida "Baba, ga abin da ya kawo mu", ya kuma dawo bayan wata 6 ya faɗi abin da aka gano. Mace mai bincike tana da wata dama a nan da babu namijin da ke da ita, domin ita ke wuce zaure ta shiga cikin gida, inda jarirai da uwayensu suke. Kowace yarinya da aka cire daga ajin kimiyya a Shagari ko Bodinga, wannan ƙofa ce aka rage mata mai shiga.

Tambayoyin da ke jiran irin waɗannan matasa ba sai an aro su daga ko'ina ba. An daɗe da sanin cewa alluran da ake ɗigawa a baki, ta shan inna da ta gudawar yara da Najeriya ta fara bayarwa a 2022, ba sa kamawa a hanjin yaran ƙasashe matalauta kamar yadda suke kamawa a Turai, kuma har yanzu ana muhawara a kan rabon laifi tsakanin tamowa da yawan cututtukan hanji. Sakkwato, inda wani nau'in shan inna da ya rikiɗe daga na allura ya ci gaba da yawo a tsakanin yaran da ba su samu rigakafi sosai ba, wuri ne da ya kamata a nemi amsar. A cikin birnin akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka buɗe a 1999, cutar da ke cin fuskar yaro cikin 'yan kwanaki, galibi bayan kyanda ko tamowa sun karya masa garkuwa. Sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma har yau ba a gama gane dalilin da ya sa take kama yaro ɗaya ta bar ɗan uwansa da suke ci a akushi ɗaya ba.

Ga kuma wadda ta fi kusa. A Disamba 2024 aka fara ba yara allurar R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa, sau 4: a wata na 5, na 6, na 7, sannan na 15. Daga Shagari, in aka bi ta Tambuwal, ba a jima ba an shiga ƙasar Kebbi, inda sauro da damina da abincin yara duk irin na Mandera ne. An san cewa kariyar wannan allura tana raguwa da lokaci, kuma a yankin da zazzaɓi ke zuwa da damina, watan da aka yi wa yaro ita yana iya sauya ƙarfin amfaninta. Yaran da suka karɓi ta farko a Jega da Aliero suna girma yanzu. Nan da shekara 2 ko 3 wani zai bi su gida-gida da littafin rajista da akwatin sanyi, ya nemi izinin iyayensu, ya ɗebi ɗan jini daga kowane, ya kai shi firizar da ba ta mutu ba, ya zauna gaban faranti mai ramuka 96 ya ga abin da ya rage.